Wa Zai Ji Baba?

Ranar da ta fara ganinsa, faɗa ta yi masa. Ta shiga ɗakin naɗar murya na cibiyar bincikensu, ta tarar da baƙo a kujerarta, har ya kashe mata fanka.

"Malam, wa ya aike ka?"

"Ƙarar fanka na shiga cikin murya, ranki ya daɗe," ya ce yana murmushi. "Na'ura ba ta da kawaici irin namu."

Shi ne sabon ma'aikacin da zai riƙa sauraron muryoyin da aka naɗa yana rubuta su, ita kuma ta koya wa na'ura gane magana da rubutun. Ta sa masa Mai Kunne, ya sa mata Sarauniyar Kafiya. Kafin shekara ta zagayo, kowa ya san inda aka dosa.

Amma da magabatansa suka je neman aurenta, mahaifinta, Baba, ya girgiza kai. Shekara huɗu ke nan shanyewar ɓarin jiki ta nauyaya masa harshe. Tun rasuwar mahaifiyarta, ita kaɗai ke gane maganarsa. Sauran sai su ce "to, Baba" su fice, ko ruwa ya nema ko bargo.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo da nata. "Ga ɗana nan, katanga ce kawai tsakaninku. Ki aure shi kina kusa da ubanki."

"Gwaggo, a bakin gadonsa na yi digirina, ban taɓa ƙorafi ba. Ba zan bar Baba ba, kuma ba zan auri katanga ba."

Sai ta bi hanyar da ta sani. Kowace safiya takan naɗi jimla ashirin daga bakin Baba, ta tura wa Mai Kunne da ma'anarsu. Shi kuma ya daidaita kowace kalma da rubutunta, don na'ura ta koyi harshen tsohon.

A wata na uku saƙonninsa suka ragu. Ta kira, ba ya ɗauka.

"Ai na faɗa," in ji Gwaggo. "Wa zai ɗauki mace da kayanta?"

Ta rubuta masa: "Idan ka gaji, faɗa min. Ban saba roƙo ba, ba kuma zan fara a kanka ba."

Amsa ta zo: "Kafiyata, lasifika ce a kunnena, shi ya sa ba na jin kira. Jimlar Baba ɗaya sai na saurara sau talatin. Ban gaji ba, hirar surukina ce ta yi min daɗi."

Ta goge ido, ta rubuta: "Wane surukin? Ba a ba ka ba tukuna."

Ranar gwajin na'urar aka taru a falo, wayar da aka ɗora ta a ciki tana kan tebur. Baba ya ce a buɗe taga, waya ta rubuta daidai. Ya nemi ruwa, ta rubuta. Sai ya dubi Mai Kunne ya ja wata doguwar magana da ba a taɓa naɗa ba. Waya ta watso shirme.

"Ahaf!" Gwaggo ta tafa hannu.

'Yar tasa kam ta ji shi sarai: idan ka tafi da ita, wa zai ji ni? Kafin ta buɗe baki, Mai Kunne ya amsa daga inda yake durƙushe.

"Mu biyu za mu ji ka, Baba. Ɗakin da hantsi ke shiga a gidana naka ne, idan ka yarda."

Baba ya ƙura masa ido, ya sake wata maganar. Mai Kunne ya sunkuyar da kai yana dariya.

"Na sani, Baba. Ni ma na sha kafiyar nan."

"Au, da ni kuke?" ta ce, hawaye na zuba. Baba ya yi dariyar da aka shekara huɗu ba a ji ba.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Na'ura na nan tana koyo, don amarya ta rantse sai ta iya. Amma ranar, Baba da kansa ya sa albarka, ango na maimaita wa jama'a.

"Ya ce Allah ya zaunar da mu lafiya. Ya ce yadda muka saurare shi, Allah ya ba mu masu sauraronmu."

Har Gwaggo sai da ta ce amin.