Kibod Ɗin Hannu Ɗaya

"Gesche! Gesche, ki zo, abin ya dawo!"

Wiebke tana kicin tana yanka burodi ta ji ihun mahaifinta. Ta saki wuƙar ta ruga falo, mahaifiyarta Gesche na biye da ita. Baba Hinnerk na zaune gaban kwamfuta, hannunsa na hagu a kan kibod. Na daman kuwa yana kwance a cinyarsa, kamar yadda yake tun shanyewar ɓarin jikin da ta same shi bara.

"In na danna harafi, wani daban ke fitowa," ya ce. "Sunana ma na kasa rubutawa. Kaina ne, Gesche! Kaina ya sake taɓuwa!"

Nan take Mama ta kira motar asibiti. Aka yi ta gwaje-gwaje har la'asar, likita ya ce lafiyarsa ƙalau. Suna fitowa sai ga Malte, saurayin Wiebke da aka sa bikinsu a bazara, ya iso a keke, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf.

"Baba... ba kanka ba ne. Ni ne."

Malte yana cikin masu aikin sa-kai da ke gwada wani sabon tsarin haruffa na kibod, wanda aka shirya kyauta don masu hannu ɗaya. Jiya da ya zo hira ya ɗora shi a kwamfutar Baba, don ya ga ko zai yi aiki a tsohuwar na'ura kafin ya nuna masa. Aka kira shi cin abinci, ya manta bai mayar da tsohon tsarin ba.

Baba ya juyo gare shi.

"Wato ni ka mayar abin gwaji? Yau a cikin motar nan na yi ban kwana da matata, saboda wasan yaranku!"

"Baba, don Allah..." in ji Wiebke, hawaye na zuba.

"Yi min shiru! Gidana ba ya korar baƙo, amma kai da shayina har abada. Ke kuma in kin nace sai shi, ki nemi wanda zai riƙe hannunki ya kai ki coci."

Makonni suka yi ta wucewa. Duk Lahadi da yamma Malte sai ya zo, ya zauna a gefen tebur. Baba ya jera kofi uku, ya tsallake shi. A garinsu, inda ko mai kawo wasiƙa ba ya rasa kofin shayi, wannan ya fi mari ciwo. Wiebke ta kan kurɓi nata kaɗan ta ture kofin.

"Ke ba yarinya ba ce fa," in ji ƙawarta Imke. "Ku je ofishin gwamnati a ɗaura auren kawai, tsohon zai huce daga baya!"

Wiebke ta girgiza kai. "Ba zan bar Malte ba. Baba ma ba zan bar shi ba."

Shi kuwa Malte ya rubuta wa abokan aikinsa duk abin da ya faru, bai ɓoye sunansa ba. Ya dage sai an sa gargaɗi ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfuta duk lokacin da tsarin ya canja. Aka sa.

Baba ne ke rubuta labaran ƙungiyar masu kwale-kwale ta garin, amma tun ranar ya daina taɓa kibod. Sai dai ya faɗa, Wiebke ta rubuta. Wata rana ta ga yana satar kallon yatsunta, idonsa ya yi ja.

"Baba," ta ce a hankali, "tsarin nan na Malte yana cikin kwamfutar, a kashe. Wannan maɓallin ke kunna shi. In ba ka so, yanzu zan goge."

"Goge shi!"

Ta kai hannu za ta goge.

"Bari... sai gobe. Yau na gaji."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ko Malte ba ta gaya wa ba.

Saura wata ɗaya biki, ran wata Lahadi, Baba ya shigo da tire. Wiebke ta ƙirga kofuna, ta sake ƙirgawa. Huɗu! Baba ya jefa dunƙulen sukari a na gaban Malte, ya tsiyaya shayi da hannun hagu, sukarin ya yi ƙas-ƙas.

"Kai, sarkin gwaji! Wane mara tunani ne ya ajiye waƙafi a ƙarƙashin ƙaramin yatsa? So yake ya kashe min ɗayan hannun ma?"

Malte ya ɗago kai. "Baba... ai kana iya rubuta wa abokan aikina."

"Na riga na rubuta, har sau biyu. Wata 'yar Sweden ta amsa, ta fi ka hankali." Ya tura masa kofin. "Sha kafin ya huce. Ke kuma daina kukan nan, ki duba min ko kwat ɗina na coci zai shige ni."

Alheri ma yana buƙatar sallama kafin ya shiga gidan mutum. Malte ya koyi wannan da zafi. Wiebke kuwa da ta yi gaggawa, da ta sami miji ta rasa uba. Ta yi haƙuri, ranar biki ta shiga coci hannunta cikin hannun hagun mahaifinta.