Fentin Da Ya Ƙi Bushewa

"Kallabin wace ce a aljihunka?"

Marka ko farantin man gyaɗar ba ta sauke daga kanta ba. Zailani mai fenti ya ɗago daga gindin motar, hannunsa duk tsatsa.

"Hasken idona, babu gaisuwa?"

"Na ce na wace ce!"

"Na Asiya ne. Babanta ya ce ta zaɓi launi, ta ce irin shuɗin kallabinta. Da shi nake gwada haɗi."

"Duk Kabo babu ƙyalle sai wanda ya kwana a kanta?"

Motar tsohuwa ce, ta wani Baturen kamfanin gyaɗa. Ta daɗe a yashe, kaji na ƙwai a ciki, har Alhaji Dalhatu na Kabo, babban mai sayen gyaɗa, ya saye ta aka jawo ta Gwarzo. Makaniki ya tayar da inji. Saura fenti. Tun daga ranar 'yarsa Asiya ta koyi hanyar Gwarzo.

Ran kasuwa Asiya ta tsaya a kan Marka, tana ƙamshin turare.

"Ke ce Markar? Ayya... Baba ya ce in motar ta yi kyau, duk motocin gyaɗarsa Zailani zai fenta. Har ɗaki za a ba shi a gidanmu. Bappansa ma kullum yana zaurenmu." Ta toshe hanci. "Ki riƙa wanka kafin ki je wurinsa, ƙaurin ƙuli-ƙuli kama mutum yake."

Marka ta juya ta ci gaba da tallanta. Zuciyarta dai tafasa take kamar kaskon suya.

Ran Juma'a maza suka tafi masallaci. Marka ta shiga rumfar Zailani, ta buɗe gwangwanin fentin. Shuɗin kallabin sak! Ta juye kwalbar man gyaɗa a ciki, ta juya da kara. So take launin ya dushe, Asiya ta ce ba ta so, shi ke nan.

Launi bai dushe ba. Sai ma sheƙi.

Amma ya ƙi bushewa.

Kwana da kwanaki motar na danƙo. Ɓawon gyaɗa ya manne, ƙudaje suka manne, har gashin kaza. Yara suka sa mata suna mota mai gashi. Da Alhaji ya zo ya dafa ta, hannun babbar rigarsa ya kama.

"Wa ya taɓa gwangwanin nan?" Muryarsa har bakin kasuwa.

Marka na cikin 'yan kallo. Zailani ya tsoma yatsa ya sansana. Albasa. Marka kaɗai ke soya albasa a cikin man gyaɗarta kafin ta fito talla.

Bai dube ta ba.

"Ni na kuskure haɗi, Alhaji."

"Dama mai fentin ƙauye!" Asiya ta fizge kallabinta daga aljihunsa. "Baba, a kai ta Kano."

"Ka kankare min ita tas," in ji Alhaji. "Daga nan kada in ƙara ganinka kusa da motata."

Bayan la'asar ya yi sallama a ƙofar gidansu. Marka ta fito idonta jajur.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa a yi ta da matata a kasuwa?"

"Matarka...?"

"Bappa ne ya hana a zo gidanku, yana hangen motocin Alhaji. Yanzu babu abin hange. Ya ce a kawo goro." Ya yi ajiyar zuciya. "Kin raba ni da aikin shekara, Marka. Da kin tambaye ni, da na gaya miki ko lefe Asiya ta haɗo min ba na so."

Hawaye suka zubo mata. "Ka yafe min, masoyina..."

"Ban yafe ba tukuna."

Ya zaro wuƙar kankara ya ɗora a tafinta.

"Gobe da hantsi. Ƙofa huɗu ce, biyu naki."

Marka ta share ido, ta gwada kaifin da babban yatsa.

"To. Amma ta gefen da Asiya za ta zauna, ni zan kankare."