Ranar da Kalangun Bappa Ya Yi Shiru

Sufeto Bilya bai taɓa ɗaukar dambe a bakin komai ba. A wajensa ƙarti ne kawai suke fasa wa juna baki don mata su yi guɗa. Saboda haka da aka same shi a ofis a Karaye, wata safiya cikin kakar 1988, aka ce mutum ya mutu a filin dambe, tsaki ya fara ja.

"To da me suka je yi can? Rabon goro?"

Kofur ya ce, "Ranka ya daɗe, Ɗantala ne na Ruwan Bago, tsohon zakaran nan. Shekararsa hamsin da biyu, ya dawo wai sai ya karɓi kambu a hannun Falalu, yaron da yake riƙe da shi yanzu. A turmi na uku yaron ya same shi a bayan kunne, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Mutanensa sun ce ƙarfe Falalu ya naɗe a cikin zare. Da ƙyar muka ƙwace shi, yana bayan kanta."

Sufeto ya sa aka kawo zaren da Falalu ya ɗaure hannu da shi, ya warware shi tas. Tsumma ne da igiya, ko allura babu. Amma ya san wannan ba zai hana yaron zuwa kotu da tuhumar kisan kai ba, in dai ba a samo wani bayani ba.

Ba a jima ba sai ga Shitu, alƙalin wasan, ba tare da an kira shi ba. Wani siririn mahauci ne mai giɓi, har yanzu da usur ɗinsa a wuya, kai ka ce sarauta aka naɗa masa.

"Ranka ya daɗe, kada ka wahalar da kanka. Tsufa ne ya kashe shi. Shekara ashirin ina raba dambe, na san mutumin da ya ƙare. Tun turmin farko yake haki."

Da ya fita, Kofur ya taɓe baki.

"Ƙarya yake yi, ina wajen. A turmi biyun farko saura ƙiris Falalu ya kai ƙasa, har sau biyu. A na uku ne tsohon ya tsaya kamar turke."

Aka fito da Falalu. Ƙato ne, amma duk ya yi laushi, kuncinsa na hagu a kumbure.

"Me ka gani a turmi na uku?"

"Ban ga komai ba, yallaɓai. Na kai hannu, ya faɗi."

Sufeto ya dube shi daga sama har ƙasa. A idon sawunsa akwai zobe na kanta, inda wani abu ya daɗe yana gogar fata.

"Me kake ɗaurawa a nan?"

"Akayau ne, na ƙarfe. Mai ƙara in na taka."

"Ina yake?"

"Alƙali ya ce in cire kafin turmi na uku. Wai ƙararsa ta dame shi."

"Turmi biyu ba ta dame shi ba sai a na uku? Kai, ina tambayarka me ka gani."

Falalu ya sunkuyar da kai.

"Da na matso, ba ni yake kallo ba. Inda na baro yake kallo. Na lura da haka, kuma na buga. Wallahi tun jiya abin yake cina."

Bayan azahar Sufeto ya hau babur zuwa Ruwan Bago. Ya yi wa masu zaman makoki gaisuwa, ya nemi Bappa, makaɗin da ya yi shekara talatin yana yi wa marigayin kiɗa. A zaure ya same shi, kalangunsa a rataye, igiyoyin jikinsa suna reto.

"Me ya sami kalangun?"

"Igiyoyin ne suka tsufa, suka tsinke."

Sufeto ya sauko da shi, ya jera bakin igiyoyin a tafin hannunsa.

"Igiya tara ta tsufa rana ɗaya, a layi ɗaya, ko zare bai tashi ba? Malam Bappa, ka ga na yi maka kama da yaro?"

Sai wata murya ta fito daga bayan ƙofar cikin gida. Hajo ce, matar marigayin, tana takaba.

"Faɗa masa, Bappa. Wanda muke rufa wa asirin ya riga ya tafi."

Tsohon ya share ido da bakin riga.

"Ranka ya daɗe, shekara huɗu ke nan Ɗantala ba ya ganin komai sai inuwa. Shi ya sa ya ajiye dambe, ba mu gaya wa kowa ba. Jiya ni ne idonsa. In na matse igiya kalangu ya yi sama, ya san dama. In na saki, hagu. Sauran kuma akayau ɗin yaron yana gaya masa."

"Makaho, ya shiga fili da ɗan shekara ashirin da huɗu? Wace irin wauta ce wannan?"

Hajo ta ce, "Shitu ne ya bi kasuwanni, daga Rogo har Karaye, yana cewa tsoro ne ya zaunar da shi. Na roƙe shi, na yi kuka. Ya ce gara a ɗauko shi a makara da a kira shi matsoraci."

"A ina ka ajiye kalangun kafin turmi na uku?"

"A kan bencin alƙali, na je ba Ɗantala ruwa. Da na dawo na ɗauke shi, an riga an busa usur. Na buga, na matsa, murya ɗaya kawai yake yi."

Washegari Sufeto ya tarar da Shitu a rumfarsa yana ba mutane labarin yadda tsoho ya ƙi yarda ya tsufa. Ya sa hannu a aljihun Shitu ya zaro rezar da yake datse bakin zaren 'yan dambe da ita.

"Wa ya cire maka haƙoran nan, Shitu?"

Wani dattijo ya ce, "Ɗantala ne, tun suna samari. Bugu ɗaya. Daga ranar bai sake ɗaura zare ba."

"Ka cire wa yaro akayau, ka yanke wa makaɗi igiya. Me ya haɗa alƙali da ƙara, in ba ya san da kunne mutum yake dambe ba?"

Shitu ya dubi jama'a, babu wanda ya dube shi da rahama.

"A kasuwar Rogo na miƙa masa hannu, ya kama iska, a nan na gane. Ni so nake kawai ya faɗi a gaban mutane, yadda ya kayar da ni. Sai na ga zai kuma ci! Ban nufe shi da mutuwa ba."

Sufeto ya tofar da yawu a gefe.

"Shekara talatin kana jira ya makance. Ya makance ɗin, kuma duk da haka sai da ka toshe masa kunne. Tir da kai. Kofur, cire masa usur ɗin nan, ka sa masa ankwa."

Aka tasa shi gaba ta tsakiyar kasuwa, ko mutum ɗaya bai ce masa sannu ba.

Da yamma aka ba da belin Falalu. Sufeto ya miƙa masa kambunsa da aka ajiye a kanta, yaron ya ƙi karɓa.

"A kai wa Hajo, yallaɓai. Turmi biyu da mijinta ya yi da ni yana ji, shi ya ci."