Ranar da Mika Ya Miƙe

A zamanin da mulki ya koma hannun farar hula, cikin wata damina mai nauyi, majalisar jiha ta kafa doka a kan kwangila. Aka ce daga ranar sai a buɗe takardun masu nema a gaban jama'a, kuma duk jami'in da ɗan'uwansa ke cikinsu ya miƙe ya bar zauren.

A lokacin Mika, mutumin ƙauyen Manga a ƙasar Zuru, shi ne darakta a wata hukuma mai gina hanyoyin karkara, maganarsa kuwa ba ta faɗuwa ƙasa. Cikin masu neman aikin gadar ƙauyensu akwai Dodo, magini. Shi da Mika ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, amma tare suka yi golmo, noman da samarin ƙasar Zuru ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba su mata. A gonar mahaifin Keziah, matar Mika, Dodo ya bar ƙarfin ƙuruciyarsa.

Ana gobe zaman buɗe takardun, Dodo ya sami Mika a gidansa da ke unguwar Rikoto. Ya ce, "Ɗan'uwa, dokar nan jini da aure ta sani. Wa ya san golmo a Birnin Kebbi? Ka zamna kurum, ka sa baki."

Mika ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

Da aka ambaci sunan Dodo a zauren, sai Mika ya miƙe. Shugaban hukumar, Alhaji Maharazu, ya ce, "Darakta, mi ya faru? Sunanku ba ɗaya ba."

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗan'uwana ne. Shi ya noma mini mata."

Baƙin da suka zo daga birni suka yi dariya, mutanen ƙasa ba su yi ba. Mika ya fita ya zauna a baranda shi kaɗai, ruwa na zuba, har aka ba wani daga Bena aikin.

Abin da aka ruwaito shi ne, gadar ta tsaya da kyau, Dodo kuwa bai sake taka gidan Mika ba. Da bikin Uhola ya zo bayan girbi, abokan golmo suka taru kamar kullum, ba wanda aka aiko ya kira Mika. Ya ji kiɗan daga tsakar gidansa, baƙin ciki ya cika shi, har Keziah ta rufe taga.

Haka iko yake, yakan zaunar da mutum inda ba mai zama kusa da shi. Ni dai abin da ke sosa mini rai ke nan: a cikin abokan golmo duka, Mika kaɗai ya taɓa tsayawa gaban hukuma ya kira Dodo ɗan'uwa, kuma a ranar ya rasa shi.