Rahoton da Ya Ce a Shiga

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Abdulsalami waya daga Basirka. An fito da gawar wani ɗan dako mai suna Hadi daga siton wani kamfanin sayen wake. Abokan aikinsa suna asibiti suna ta amai.

Tun daga bakin ƙofa wari mai kama da na tafarnuwa ya tarbe shi. Ya san warin. Ƙwayar kashe ƙwari ce da ake sawa a rufe sito ruf, sai an buɗe ya sha iska kwana da kwanaki kafin ɗan Adam ya leƙa.

Matasa sun kewaye Ashiru, mai kula da lodi, har sun yaga masa riga.

"Kai ka ce su shiga?" in ji Sufeto.

"Ni ne, yallaɓai. A Gwaram nake zama, ranar lodi kaɗai nake zuwa. Sa magani da buɗe sito aikin Malam Kamaluddeen ne na ofishin Birnin Kudu. Ga rahotonsa a wayata: an buɗe, ya sha iska, a shiga."

"Hancinka toshe yake?"

Ashiru ya fashe da kuka. "Na ji warin. Na ce ai kwamfuta ba ta ƙarya."

Haka mutanenmu suka koma. Mutum ya ƙaryata hancin da Allah ya ba shi don ya ga rubutu da tambarin kamfani. Sufeto ya sa aka kai Ashiru caji ofis. In ba a sami wani ba, shi zai amsa tuhumar kisa.

A Birnin Kudu, Kamaluddeen ya tarbi Sufeto cikin sanyin iyakwandishan, shaddarsa ko ƙura ba ta taɓa ba.

"Da kaina na je na buɗe. Yaron nan Ashiru ne ya ƙara ƙwaya a ɓoye, kun san halinsu. Duba ƙasan rahoton, har da shaida: Baba Ɗanbala, maigadi."

Sufeto ya koma Basirka neman maigadin. A gidan makoki ya yi tambaya, sai Inna Batulu, mahaifiyar Hadi, ta yaye mayafi ta dube shi.

"Wane Ɗanbalan? Wanda ya rasu tun azumi? Hadina ne ya haƙa masa kabari! Daga lahira ya zo ya ba su shaida? Kai ɗan nan, in wasa kuka zo yi da mu, fita mini daga gida."

Washegari Sufeto ya koma ofishin Birnin Kudu, ya zauna gaban Rukayya, mai kula da manhajar kamfanin. Ta buɗe masa allo.

"Samfuri ne, yallaɓai. An tsara rahoton tun farko, gurabe kawai jami'i yake cikewa: rana, zafi, halin sito, sunan shaida. Ya danna, manhaja ta haɗa ta tura wa kowa."

"In bai cike ba fa?"

"Da can ba ya tafiya. Daga baya aka ce manya a Kano ba sa son jinkiri, aka sa na gyara. Yanzu duk gurbin da aka bari, abin da aka sa a baya yake ɗauka. Rana ce kaɗai ke canzawa."

"Aka ce. Aka sa. Wa ya ce?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam Kamaluddeen."

Ta jero rahotannin baya. Zafin bazara da na damina duk ɗaya, mamaci yana ta ba da shaida kowane mako. Ba wanda ya taɓa karantawa. Manyan ma launin kore a allo kawai suke dubawa su ce aiki yana kyau.

"Wane sito kuma ya sami irin wannan?"

"Na Gwaram. Gobe za a yi lodi."

Sufeto ya buga tebur har linzamin kwamfutar ya faɗi. Ya kira saje ya ce a tsare ƙofar siton Gwaram, ko akuya kada ta matsa. Sannan ya shiga ofishin Kamaluddeen ba sallama, ya ajiye masa rahotannin Basirka da Gwaram a gabansa.

"Sunan maigadi kuskuren manhaja ne," in ji Kamaluddeen. "Amma zuwa kam na je. Duka biyun na buɗe."

"Madalla. Taso ka raka ni."

Suka isa siton Gwaram. 'Yan dako da masu babur suka taru daga nesa. Sufeto ya sa aka cire kwaɗo, aka bar ƙofar a jingine.

"Rahotonka ya ce a shiga. Bismillah, Malam. Shiga ka ɗauko mini buhu ɗaya daga can ƙurya."

"Haba yallaɓai, ni ba ɗan dako ba ne."

"Na sani. Huhunka ya fi nasu tsada. Shiga!"

Saje ya kai hannu zai tura ƙofar. Kamaluddeen ya ja da baya da gudu, ya toshe hanci da hularsa.

"Kada ka buɗe! Wallahi akwai magani a ciki!"



"Ban je ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ko nan ko Basirka. Na sa maganin, na ce zan dawo, hanya ta lalace, na danna kawai. Kowa haka yake yi."

"Kowa bai kashe Hadi ba. Kuma kana zaune kana kallo za a ɗaure Ashiru a madadinka."

Saje ya sa masa ankwa. Za a tura shi mota, wani dattijo cikin 'yan dakon ya matso, gammonsa a hannu.

"Malam Kamalu, gobe ni da 'ya'yana biyu ne za mu fara shiga."

Kamaluddeen bai ɗago ba. Sufeto ya rufe ƙofar motar da ƙarfi.