Murfin da Ba Nasa Ba

Ƙarfe bakwai da kwata na safe aka buga wa Sufeto waya, yana tsaye gaban madubi da kumfar aski a rabin fuskarsa. Saje ce. Ta ce an ga gawa a bakin tafkin da ke bayan ma'aikatar ruwa.

Kafin takwas ya isa. Wurin tsit, irin shirun da ba ya yi wa mutum daɗi. Balbelu sun yi layi can ƙetaren ruwa, amma a wannan gefen ko tsuntsu ɗaya babu.

Dattijo ne, kwance rubda ciki a bayan wani ɗan tanti mai launin ganye. Rauni ɗaya ne a ƙeyarsa. Agogonsa na hannu, wayarsa na aljihu. Gaban tantin kyamara ce tsaye a kan ƙarfenta mai ƙafa uku, da dogon gilashi mai tsawon kamu guda, yana kallon wata busasshiyar bishiya a bakin ruwa.

"Tsohon hedimasta ne, Yallaɓai," in ji Saje. "Tun da ya yi ritaya ya koma ɗaukar hoton tsuntsaye. Kullum da sassafe yana nan."

"Ba fashi ba ne ke nan."

"Ɓarawon da zai ga wannan kyamara ya wuce, ai sai a kai shi asibiti a duba lafiyarsa."

Mijin Saje mai hoto ne, don haka ta san kan abin. Ta sa safar hannu ta buɗe wata 'yar ƙofa a gefen kyamarar, ta leƙa.

"Irin wannan katin ajiyar hoto biyu take ci, Yallaɓai. Ɗaya a fili, ɗaya a bayansa, ba kowa ya san da shi ba. An zare duka biyun."

Sufeto ya zagaya gaban gilashin. A rufe yake da baƙin murfi.

"Saje, mutum yana jiran tsuntsu da gilashi a rufe?"

"Ko mijina da ya fi kowa mantuwa ba zai yi haka ba."

Ya sa aka cire murfin aka saka a leda. A cikinsa akwai wani ɗan ɗigon shuɗin fenti, bai fi kan ashana ba.

Maigadin ma'aikatar, wanda ya ga gawar, yana zaune bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Wa ya shigo da safen nan?" Sufeto ya tambaye shi.

"Shi kaɗai, ranka ya daɗe. A kan babur ɗinsa, kamar kullum."

"Ba ka matsa daga nan ba?"

"Ko taku ɗaya."

Sufeto ya nuna masa ƙasa. Sawun babur ya shiga, sawun tayar mota ya hau kansa, ya shiga kuma ya fito.

"To wannan motar ta sama ta bi?"

Maigadin ya daina murza hular. Ya ce gaskiya ya je sayen shayi, ya bar ƙofar a buɗe, kada a gaya wa manaja. Yana dawowa ya ga mota mai ruwan toka tana fita da gudu. Bai ga fuskar direban ba, bai riƙe lamba ba.

"Ka taɓa ganinta?"

"Masu hoton nan duk motocinsu kama suke yi mini, ranka ya daɗe."

A gidan marigayin, 'yarsa ta fari ce ta karɓe su. Idanunta sun kumbura, amma muryarta ba ta rawa. Ta kai su ɗakinsa. Bango huɗu cike da hotuna: zalɓe tsaye a ƙafa ɗaya, shaho a sama, tsada biyu a bakin famfo. A kan tebur batura na caji, ga ɗan burushin share gilashi, ga littafin da yake rubuta ranar da ya ga kowane tsuntsu.

Sufeto ya nuna mata ledar.

"Na Baba ne wannan?"

Ta girgiza kai tun kafin ta gama dubawa.

"Baba ba shi da murfi. Nasa ya faɗa ruwa shekara biyu ke nan, ya ƙi sayen wani. Da tsohuwar safa yake rufe gilashinsa. Inna ta yi ta masa tsiya, wai mutum da kyamarar da ta fi mota tsada yana sa mata safa mai huji."

"Akwai wanda yake faɗa da shi?"

"Baba? Ko sauro sai ya ba shi haƙuri kafin ya kore shi." Ta dubi littafin da ke kan tebur. "Amma kwanan nan ba ya barci sosai. Sau uku yana dawowa da mataccen tsuntsu a naɗe cikin hankici. Ya binne su a bayan gida. Na tambaye shi, ya ce wani ne ke yin abin da bai kamata ba, kuma yana tsoron sanin ko wane ne."

"Tsoro?"

"Haka ya ce. Tsoron sani."

Saje ta lura da wani ƙaramin kwali a kan kantar da ke jikin bango, babu komai ciki. 'Yar ta ce na wata 'yar kyamara ce da ya saya satin da ya wuce, irin wadda ake ɗaurawa a bishiya, ta riƙa ɗauka da kanta duk lokacin da ta ga motsi. Ba ta san inda ya kai ta ba.

"Da wa yake zuwa tafkin?"

"Da can shi da Kawu Dokta ne, likitan haƙori, shugaban ƙungiyarsu ta masu hoton tsuntsu. Ba ɗan'uwanmu ba ne, amma tun muna yara muke ce masa kawu. Baba ne ya fara sa masa kyamara a hannu."

Asibitin Dokta ƙarami ne, tsaf, yana warin magani. Ya karɓe su a ofishinsa na ciki da farar riga da jajayen idanu. Ya ce ya ji labari, har yanzu ya kasa gaskatawa. Shekara talatin suna tare.

Bayan kujerarsa wani katafaren hoto ne a cikin firam: ɗan tsuntsu shuɗi mai dogon baki, irin mai kamun kifi, zaune a kan reshe, kowane gashi na jikinsa a fili kamar ka taɓa. Ƙarƙashinsa lambar yabo ta gasar bara.

"Wannan aiki ne," in ji Sufeto. "Yaya ake yi tsuntsu ya tsaya haka?"

Fuskar Dokta ta ɗan saki.

"Haƙuri, Sufeto. Ka ba rana baya, ka daidaita idon kyamara a kan idon tsuntsu, ka sa ta ƙifta da sauri, ɗaya bisa dubu biyu na daƙiƙa. Sannan ka jira. Wani lokaci sati guda."

"Yaushe rabonka da tafkin?"

"Ya kai wata. Aiki ya yi yawa."

"Yau da safe fa?"

"Ina gida har bakwai da rabi."

Jakar kayan hotonsa na ajiye a kusurwa, a buɗe. Saje ta roƙi ta gani, wai mijinta ya daɗe yana mafarkin irinta. Dokta ya yi murmushin dole ya ce ta duba. Kowane abu na cikin jakar da ɗigon shuɗin fenti: batir, katin ajiya, har igiyar rataya. Babban gilashin kuwa an rufe bakinsa da farin hankici, an ɗaure da roba.

"Ina murfinsa, Dokta?" ta tambaya.

"Ya ɓata. Tun tuni."

Suna fita suka ga mota mai ruwan toka a ƙarƙashin rumfa. An wanke ta tas, ruwan bai ma bushe a ƙasa ba.

"Mu kama shi, Yallaɓai?"

"Murfi ba ya kashe mutum. Zai ce aro ya ba shi. Mu koma tafki."

Rana ta take lokacin da suka isa. Sufeto ya durƙusa daidai inda kyamarar ta tsaya, ya miƙa hannu yadda gilashin ya nuna, sannan ya bi layin cikin laka har gindin busasshiyar bishiyar.

A jikin wani reshe mai kyau, wanda aka share wa ganye, akwai siririn zaren kamun kifi a ɗaure, da ƙyar ido ke ganinsa. A ƙasa, cikin ciyawa, ga ɗan tsuntsu shuɗi ya sandare, sauran zaren a ƙafarsa. Kusa da shi wata 'yar kwalba siririya, irin ta allurar kashe zafi da ake yi wa mutum kafin a cire masa haƙori.

Saje ta kau da kai.

"Haƙuri, wai," ta ce.

Sun kusa minti arba'in suna laluben bishiyoyin wurin kafin ta gano 'yar kyamarar, an ɗaure ta a ƙasan wani reshe an lulluɓe da ganye. Ɗan jan haskenta na nan yana ƙiftawa.

A ofis suka sa katinta a kwamfuta. Ƙarfe shida da minti huɗu: mutum ya bayyana yana ɗaure tsuntsu a reshe. Shida da minti shida: sirinji a hannunsa. Shida da minti tara: ya juya yana kallon wajen tanti, bakinsa a buɗe, fuskarsa a fili. A hoto na gaba ya ɗauki ƙarfen kyamararsa mai ƙafa uku, ya riƙe shi ta wajen ƙafafun. Daga nan sai reshe kawai, da tsuntsun yana reto.

Da yamma suka koma asibitin. Mutum ɗaya ce ta rage a ɗakin jira, wata mata mai kumburarren kunci. Dokta ya gan su ta gilashin ƙofa, bai tashi ba.

Sufeto ya ajiye ledar murfin a kan tebur, ya jera hotuna huɗu a gefenta.

Dokta ya daɗe yana kallon na ukun.

"Hasken bai yi ba," ya ce a hankali. Sai ya rufe fuska da hannu biyu.

"Faɗa mini yadda aka yi."

"Shekara goma sha ɗaya ina bin tsuntsun nan, Sufeto. Ban taɓa samun hoto ɗaya mai kyau ba. Hannuna yana rawa, idona ya fara rauni. Shi kuwa Yaya Hedimasta, sai ya zauna kawai su zo masa kamar 'ya'yansa. Bara na sa raga na kama ɗaya, na yi masa allura kaɗan don ya natsu. Na ci gasa. Aka sa ni shugaba. Daga nan kowa na jiran na gaba."

"Nawa suka mutu?"

"Ban ƙirga ba. Jikinsu ƙarami ne, ba a iya gane awon maganin."

"Yau fa?"

"Ban san yana cikin tantin ba, ya riga ni zuwa. Na ji ƙarar kyamara, irin wadda take yi in an danne ta, tatatata. Ya fito. Da ya zage ni da ya fi. Kuka yake yi. Ya ce, 'Ƙanena, ashe kai ne?' Ya ce ba zai kai ni ko'ina ba, amma ranar Asabar sai na tsaya gaban 'yan ƙungiya na faɗa da bakina, na sauke hoton nan. In ban yi ba, shi zai nuna. Na roƙe shi. Ya juya zai koma tanti."

Ya dubi hoto na huɗu.

"Sau ɗaya na buge shi. Wallahi sau ɗaya."

"Katunan?"

"Suna cikin tafki."

"Me ya sa ka rufe masa gilashi?"

Dokta ya ɗago, kamar shi ma tambayar ta dame shi tun safe.

"Raɓa ce ke sauka a kai. Murfina na aljihu. Ban ma san na yi ba sai da na iso nan. Shi ya koya mini, kada ka bar gilashi a buɗe cikin raɓa."

Saje ta fito da ankwa. Ya miƙe, ya cire farar rigarsa, ya ninke ta a kan kujera, ya miƙa hannuwansa. Ya roƙi alfarma ɗaya: kada a bari 'yar marigayin ta gan shi.

"Ita ta fara tambayata wa zai faɗa wa Kawu Dokta," in ji Sufeto. "Tana tsoron kada labarin ya kayar da kai."

Ya sunkuyar da kai, Saje ta kama damtsensa.

Suka fito da shi ta ɗakin jira. Matar nan ta miƙe, hannunta a kunci, ta dubi ankwar, ta dubi fuskarsa.

"Likita, ni fa? Tun azahar nake jira."

Saje ta buɗe ƙofar mota, Sufeto ya dafa kansa ya shigar da shi.