Ƙararrawar Zagayen Ƙarshe

Ranar da ta fara ganinsa, kusan a kan ƙafarta ya zube.

Sabuwa ce a filin tsere lokacin, kuma aikinta ɗaya ne tak: ta tsaya a kan ciyawa gefen layin gamawa, idan 'yan gudu suka shigo zagayen ƙarshe ta kaɗa musu ƙararrawa. Ranar ana tseren mita dubu da ɗari biyar, wani siririn saurayi ne a gaba tun daga tashi. Har ta ɗaga hannu za ta kaɗa masa, sai kawai ya kauce daga hanya, ya faɗo ciyawa a gabanta yana haki. Da ƙyar ta tuna ta kaɗa wa sauran.

"Sannu, Malam. Ciwo ka ji?"

"Lafiyata ƙalau," ya ce. "Na gama aikina ne."

"Ka gama? Ga mutane can suna gudu."

Ya ɗago ya dube ta, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya yi murmushin da ya sa ta sunkuyar da kai. "Ashe baƙuwa ce. Ai ni ne Zomo."

Zomo, a bakin 'yan gudu, shi ne wanda ake ɗauka ya shige gaba, ya tare wa manyan iska, ya daidaita musu sauri don kada su ƙone da wuri, kada kuma su yi nawa. Daf da zagayen ƙarshe sai ya ba su hanya. Ba kofi, ba hoto a jarida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, shi so ba ya tambayar wa ya zo na ɗaya. Tun daga ranar, duk tseren da ya ja, a nan gabanta yake faɗowa, har ciyawar wurin ta kwanta ta yi sanƙo. Ita kuma ta koyi zuwa da gorar ruwa biyu, wai ko ɗaya za ta zube.

Da yamma saƙonsa yakan shigo: "Barka da hutawa, Ƙararrawata. Abokaina na tambaya me ya sa kullum wuri ɗaya nake faɗuwa. Na ce musu ciyawar can ta fi laushi. Allah ya yafe mini ƙaryar."

Ita kuma ta amsa: "Agogona, ka riƙa faɗowa a hankali, ni nake jin ciwon. Ka ci abinci sosai, ka yi ƙashi da yawa."

Agogo take ce masa, don ko ba a nuna masa lokaci ba ƙafarsa ta san saurin da take yi. Amma akwai abin da ke cin ranta, ba ta taɓa faɗa masa ba. Ta kaɗa wa gwani, ta kaɗa wa rago, ta kaɗa wa wanda ya zo na kashin baya yana ɗingishi. Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa jin ƙararrawarta yana gudu ba, kuma shi ne wanda take so.

Babanta tela ne, mutum mai sanyin magana da taurin ra'ayi. Saboda 'yarsa ya fara kallon tsere a ɗan talabijin ɗin shagonsa. Ranar da Mama ta kai masa zancen Zomo, sai da ya gama ɗinkin da ke ƙarƙashin allura sannan ya cire tabarau ya kira 'yar.

"Na sha kallon yaron nan. Kullum shi ne a gaba, kullum kuma shi ne farkon zama."

"Baba, aikinsa ke nan."

"Abin da nake tsoro ke nan, 'yar nan. Abin da ƙafa ta saba, zuciya ma shi take sabawa. Rigar da aka bari ba hannu, ko da zaren zinariya aka ɗinka ta, ba mai sa ta. Ba zan ba da ke ga wanda ban taɓa ganin ya ƙarasa ba."

Kamar hakan bai isa ba, sai ga Bijimi ya shigo zancen. Shi ne zakaran filin, ƙato mai faɗin ƙirji, wanda Zomo ya fi ja wa tsere. Shi ma aurenta yake nema, ya zo gaishe da Baba da lambobin yabonsa a cikin mota, wai ya manta ne bai sauke su ba. Mhm.

Shi kuwa Zomo, da ya ji hukuncin Baba, sai ya yi ɗif. Ba kira, ba saƙo. A tsere na gaba ta gan shi da idonta yana tare wa Bijimi iska, da suka zo daf da ita ya kauce ya ba shi hanya kamar kullum. Ba ta miƙa masa ruwa ba. Ta kaɗa ƙararrawa hawaye na bin kuncinta, da ta koma gida ta rubuta masa:

"Na ga ka iya ba da hanya. A kaina ma kauce masa za ka yi?"

Sai washegari amsa ta zo: "Ban kauce ba, Ƙararrawata. Kunyar Baba nake ji, don gaskiya ya faɗa. Tseren jiya alkawari ne tun da, shi ne na ƙarshe. Na sa sunana a gasar ƙarshen shekara, ita ba a sa zomo a cikinta. Zan tafi horo. Ki kaɗa mini, ko sau ɗaya ne."

Ya tafi, filin ya yi mata faɗi. Wani zomon aka kawo, shi can nesa yake fita, bai ma san da ita ba. Kullum sai ta dubi sanƙon nan na ciyawa, tana gani yana tsirowa a hankali har ya cike. Ranar da ta kasa gane wurin, a ɗakin ajiye kaya ta ɓuya ta yi kuka. Kewarsa take yi, kewa mai hana cin abinci, har Mama ta fara hararar Baba in an zauna cin abinci ba a ga 'yar ba.

Ana jibi gasa ya kira ta.

"Bijimi ƙarfi gare shi, ba na biyunsa," ya ce. "Amma bai taɓa auna gudunsa da kansa ba, ni nake auna masa. Zai tashi da wuta. Zan lafe a baya in bar shi ya ƙone."

"Kai fa?"

"Ni ban san abin da ke bayan ƙararrawa ba. Ban taɓa zuwa can ba."

Ranar gasa Mama ce ta ja Baba zuwa filin, yana ta mitar ya bar ɗinkin mutane. Aka harba bindiga, Bijimi ya fice kamar an kunce shi daga turke, 'yan kallo na ihu. Zomo ya lafe a layin ciki, a bayan mutum uku, ba gaggawa. Kafin a je ko'ina kafaɗun Bijimi suka fara tashi, kansa ya fara lilo. Dabara tana aiki.

Daf da zagayen ƙarshe, sai suka miƙo wajenta. A nan ta ga abin da ba wanda ya gani. Ƙafar Zomo ta fara karkata zuwa ciyawa. Ba gajiya ba ce, sabo ne, jikinsa ya ce masa an tashi aiki. Taku ɗaya a waje, an fitar da shi, ita ma ta rasa shi.

Ma'aikaciya ba ta da izinin kiran ɗan gudu. Matsawa ta yi ta tsaya cak a kan wurin da ya saba faɗowa, ta dube shi ido cikin ido, ta kaɗa ƙararrawar da duk ƙarfin hannunta.

Ya yi tangal-tangal, mutum biyu suka wuce shi. Sannan ya gyara, ya shiga zagayen da bai taɓa shiga ba. A kwanar ƙarshe ya wuce Bijimi, wanda ƙarfinsa ya ƙare tun da sauran tafiya. Ya wuce wani, ya wuce wani, ya ƙara wuce wani. Wani dogon yaro dai ya riga shi. Zomo ya tsallake layin, ya ci gaba da gudu har sai da aka tare shi aka ce masa an gama.

Baba ya sauko a hankali, ya tsaya a kansa yana gyara tabarau.

"Na biyu ka zo."

"E, Baba," ya ce yana durƙushe, kansa a ƙasa.

"Ni ban ce ka ci ba. Na ga inda ƙafarka ta so ta kai ka, na kuma ga ka ƙi." Ya juya ya dubi 'yarsa, har yanzu ƙararrawar na ƙanƙame a ƙirjinta. "Ka turo manyanka. In ka zo kuma ka biyo ta shago in gwada ka."

Baba da kansa ya ɗinka rigar ango. Ranar ɗaurin aure abokan Zomo suka yi ta jan hannuwanta suna cewa a duba ko duka biyun suna nan. Har Bijimi ya zo, ya rungume ango, ya ce tun da ya rasa shi bai ƙara sanin saurinsa ba.

Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannunta ya sa a na mijinta.

"Ka ja wa mutane da yawa ka ba su hanya, ɗana. Wannan kam taka ce, ba a kaucewa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ku ƙarasa tare."

Ta ce amin a cikin mayafi, ta ƙara damƙe hannunsa.